Ƙarfen Kakana

Jiya a Fadaman Mada wani makaniki ya buga tsohon ƙarfen taya, sai ƙarar ta dawo mini da kakana, raina ya ɓaci. Irin wannan ƙarfen yake bugawa kowace Lahadi don kiran mutane sujada.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, mahaifina ya zama akawu a Bauchi, Lahadi ta koma ranar wanke keke da sauraron rediyo. Kakana ya taso daga ƙauye da ƙarfensa, ya tsaya a ƙofar gidanmu yana dukansa, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Mahaifina ya fito ya ce, "Baba, kana ba ni kunya. Zamani ya canja."

Kaka ya ce, "Bature ne ya tafi, ba Allah ba! Ka ci gaba da toshe kunne, wata rana za ka nemi addu'a a bakinka ka rasa."

Ranar da aka binne Kaka, fasto ya ce babban ɗa ya yi addu'a. Mahaifina ya buɗe baki, ko kalma ɗaya ba ta fito ba.

Ubangiji ya hutar da kai, Kaka. Mu kuma ya buɗe mana kunne tun muna numfashi.