Siraran Layukan Malam Zulkifilu

Malam Zulkifilu na murza gashin burushinsa tsakanin yatsu, kamar yadda yake yi kowace safiya kafin ya taɓa fenti, har sai bakin ya yi tsini. Yau ya murza, ya ajiye, ya leƙa waje, ya dawo ya sake ɗauka.

Tun yana saurayi yake rubuta allunan shaguna a Makarfi. Daga Kudan har Paki, in ka ga harufa masu gefe ɗaya kauri kamar sandar rake, ɗayan siriri kamar gemun masara, kowanne tsaye bisa 'yan ƙafafunsa, to hannunsa ne. Yakan ce irin wannan rubutu ba na dogon zance ba ne. Na suna ne, a yi shi manya, a ɗaga shi sama. In aka ƙanƙanta shi, siririn layin ya ɓace, harafin ya wargaje.

To ga allon Barnaba mai kantin magani jingine a zaure. Layuka masu kaurin sun bushe tuntuni. Siraran ne suka rage, kuma bana hannun Malam ya fara rawa. Bayan la'asar Barnaba zai zo ɗauka. In ya tarar da karkataccen layi, kafin kasuwa ta watse gari ya ji cewa Zulkifilu ya ƙare.

Ya ɗora burushi, ya riƙe numfashi. Layin ya fito kamar tafiyar tana. Ya goge da tsumma mai kananzir. Ya zauna, ya tashi, ya zaga allon.

Matarsa Mero ta shigo da koko, ta tsaya tana kallo.

"Malam, wannan suna ne ko dangar awaki?"

"Ajiye kokon ki tafi."

"Ka goge shi har katakon ya kusa yin magana."

Ya ɗago zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka kan kwallinta. Layi ɗaya siriri, miƙe sambal daga wannan gefen ido zuwa wancan. Kullum haka take jan sa, ko madubi ba ta dubawa. Tun aurensu kuwa bai taɓa barin ta kusanci kayan aikinsa ba.

"Mero, miƙo hannunki."

"Lafiya?"

"Riƙe burushin nan. Kada ki danna. Ki ja daga wannan ginshiƙin harafi zuwa wancan."

"In na ɓata fa?"

"Ai na riga ki."

Ta gyara ɗaurin zani, ta durƙusa, ta ja. Layin ya tafi siriri, bai waiwaya ba, har ya taɓa ɗaya gefen. Malam ya sunkuyo, ya matsa hagu, ya koma dama, yana nuna mata na gaba da yatsa mai rawa.

"Malam, kana huci a ƙeyata kamar bijimi. Ko ka fita, ko ka karɓi abinka."

Ya dubi harufan da suka rage, ya dubi hannunta. Sai ya ɗauki hularsa, ya zura takalmi, ya fita.