Da Na Bar Motar Ta Huce

A shekarun da zan ba ku labari, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, 'yar Kabo da aure ya kai Gwarzo, cikin babban gida inda surukina yake raye kuma maganarsa ce yanka. Ina da kaifin baki da saurin hawa, wannan ba zan ɓoye muku ba. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai hatsi da dabbobi Kudu, ya juyo da manja da katako. Tun da aka kai ni ɗakinsa ban san daɗin zama da miji ba, sai dai ya leƙo ya koma. Haihuwata ta fari yana hanya, ta biyu kuwa sai ranar suna ya iso. Duk sanda na ɗaga hannu, abu ɗaya nake roƙo, Allah ya zaunar min da bawan nan nasa kusa da ni.

Allah kuwa ya amsa. Maigidana ya haɗa ɗan abin da ya tara, ya sayar da bijiman da ya yi kiwo, ya sayo wata doguwar mota 'yar Kwatano mai shan gas, wato dizal, ya ajiye tuƙin Kudu. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, mata suna neman motar da ba za a cusa su tsakanin maza ba, shi kuma an san shi da kamun kai. Nan da nan ya zama direban mata 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti a Kano. Ga shi ana tsananin rayuwa, masu motocin fetur suna yini a layin gidan mai, tasa kuwa kaɗan take sha ta yi tafiya mai nisa. Da safe ya fita, kafin magariba ya dawo, mu ci tuwo yara suna hawa bayansa. Wallahi har ƙiba na yi a watannin nan.

Yana son motar nan kamar me. Ranar Juma'a da hantsi yakan buɗe bonet ya kira ni zaure in leƙa, wai sai na san abin da ke ciyar da ni. Ya ce injin ƙarami ne, silinda huɗu, amma yana jan kaya kamar babba saboda wani abu mai kama da dodon koɗi da ke maƙale a jikinsa, wanda suke kira tobo. Hayaƙin da zai fita ta salansa ne ke juya wata 'yar fanka a ciki, ita kuma ta tura iska cikin injin da ƙarfi, shi ne wannan siririn fiton da ake ji in ya taka. Ya ce irin wannan injin ba ya son gas ɗin bumburutu da aka gauraya da kananzir, ba ya son a wuce lokacin juyen baƙin mai, kuma matatar iska da ta gas sai an riƙa canzawa. Babban abu kuma, in an sha tafiya ba a kashe shi nan take. Sai a bar shi a silo, wato yana kunne motar na tsaye, ya ɗan huce, domin tobon yana yin zafi har ya kusa ja, kuma baƙin mai ne ke sanyaya shi. In aka kashe da zafinsa, man ya tsaya ya soye a ciki. Ina jin sa dai, ina gyaɗa kai, hankalina yana kan tukunyar da na ɗora.

To, wannan silon ne ya zame min ƙarfen ƙafa. Kullum in ya iso ƙofar gida ina jin isowarsa, in miƙe da kofin ruwa in tsaya a bakin ɗaki, shi kuwa yana zaune cikin mota tana gurnani. Facalolina, matan yayyensa, suka samu abin tsokana. Wannan ta ce angon mota bai gama sallama da amaryarsa ba, waccan ta ce ko dai akwai abin da yake tunawa a cikin fasinjojin yau. Dariya suke yi, na sani, amma ni tana sukata har ƙashi. Macen da ta shekara da shekaru tana jiran miji daga Kudu, a ce kuma ya zo ƙofar gida ta ci gaba da jira a gaban mutane! Na yi masa magana ya fi a ƙirga. Kullum sai ya yi murmushi ya sake karanto min karatun tobo, ni kuma in ce ƙarfe ne, ba jariri ba.

Da na ga ba zan iya da shi ba, sai na bi ta inda na san ba shi da mafita. Wata safiya na kai wa surukina kunu, na durƙusa na gaishe shi, na saƙa maganar cikin hira kamar ba da niyya ba. Na ce ana wahalar mai amma ana ƙona gas a tsaye, ga ƙarar tana shiga masallacin ƙofar gida daidai lokacin da dattawa suke lazimi kafin magariba. Baba tsohon manomi ne da bai yarda da ɓarna ba, kuma da ma abin yana damun sa. Da yamma ya sa aka kira ɗansa, ya ce daga yau in ya iso ya kashe motar nan take, domin shi ya ga manyan motoci tun zamanin gyaɗa, bai taɓa ganin wadda ake lallashi kafin a kashe ba. A gidanmu ɗa ba ya mayar wa uba magana. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce to. Da farko yakan tsaya a bayan gari ya bar ta ta huce kafin ya shigo, amma fasinja mata suka fara ƙorafin magariba za ta yi musu a hanya, wani kuma ya kai wa Baba labarin cewa wayo ake yi masa. Daga nan ya daina gaba ɗaya. Yana tsayawa zai murɗe makulli ya shigo, ni kuwa har da rangaji a gaban facaloli, wai na yi nasara.

Bayan wasu watanni fiton nan ya canza, ya koma kamar kukan ƙarfe. Motar ta fara shan baƙin mai, tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da safe. Maigidana ya ce min tobon ya fara tafiya, yana so ya kai ta Kano a duba, amma bari kaka ta yi tukuna, domin lokacin taki ne kuma gida ya dogara da shi. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar da abin ya faru ina cikin motar, za mu Kabo sunan ƙanwata, ni da yara da wasu mata. Mun kusa gari ke nan sai injin ya ɗauki ƙara shi kaɗai, ba tare da an taka totur ba. Maigidana ya gangara gefen titi ya zare makulli, ya riƙe shi a hannu, amma injin bai mutu ba, sai ma ƙara haukacewa yake. Farin hayaƙi ya rufe hanya har ba ka ganin na kusa da kai. Mata suna salati, wata tana cewa aljanu ne, manoma suka yar da fartanya suka yo kanmu. Shi kuwa sai da ya fitar da mu duka ya kora mu cikin gona, sannan ya koma ya sa babbar giya, ya danne birki ya saki kuloci don ya shaƙe injin. Kafin ya yi hakan aikin gama ya gama. Muka ji wata ƙara kamar an fasa tulu, sai shiru. Na hango shi tsaye ya dafa motar da hannu biyu.

Bakaniken da ya duba ta a Kano ya ce tobon ne ya ci kansa, baƙin mai ya ɓalle ya shiga inda iska ke bi, injin ya riƙa shan mansa a madadin gas, shi ya sa makulli bai hana shi ba. Ya ce man da ake sayarwa a lokacin ma ba shi da kyau, yana da nasa laifin, amma da ya fasa tobon ya tarar da man ya daskare a ciki kamar ƙanzo, irin na wanda ake kashewa da zafi. Injin ya buga gaba ɗaya, kuma samun irinsa sai an yi oda daga nesa, abin da ya fi ƙarfinmu. Aka jawo ta aka ajiye a ƙofar gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Baba bai ƙara ɗaga ido ya kalli wajen ba. Da kaka ta wuce, maigidana ya je wajen tsohon ubangidansa ya roƙa a mayar da shi kan babbar mota, da niyyar in ya tara na injin ya dawo.

Da safen da zai tafi ina haɗa masa kaya, kuka ya ci ƙarfina, na faɗa masa ni ce na kai maganar wajen Baba. Na zaci zai yi faɗa, kuma da ya yi da na ji sanyi. Ya ɗauki jakarsa ya dube ni, ya ce, "Na sani tun ranar. Ɗokin ganina kike yi, wa zai yi fushi da wannan?"

Kuɗin injin bai taɓa taruwa ba. In an tara sai rashin lafiya ko makarantar yara ta cinye, har dai aka sayar da gangar jikin motar ga masu kayan gyara. Muka koma gidan jiya, ya leƙo da salla ya koma. Baba ya rasu maigidana yana hanya. Na haifi autata yana hanya. Shi ma daga baya zazzaɓi ya kama shi a wani gari a Kudu, Hausawan zango suka yi masa sutura suka binne shi a can, wurin da ban taɓa takawa ba.

Na rubuto ne domin 'yan'uwana mata, da direbobin da ke riƙe da irin wannan mota. Ku direbobi, in kun sha tafiya ku bar injin ya huce, ku nemi mai na kirki, kuma in sautin tobo ya canza kada ku jira kaka. In babba ya hana ku abin da kuka san shi ne daidai a sana'arku, ku samu wanda yake jin nauyinsa ya yi masa bayani, wannan ba rashin ladabi ba ne. Ku kuma mata, in mutum ya gaya muku abin da ya sani game da aikinsa, ku saurara ko da ba ku gane ba, kuma kada tsokanar tsakar gida ta sa ku ɗauko uba ku ɗora wa ɗa a kan abin da ba zai iya musawa ba. Ni na yi, kuma ba wanda ya taɓa goranta min, ni kaɗai nake fama da abina.

Abokan aikinsa ne suka kawo mana kayansa a buhu ranar da suka zo gaisuwa. Bargo ne da buta da carbi, sai wata atamfa da ya saya min bai kai ga kawowa ba. Tana nan a ƙasan akwatina. Har yau na kasa kai wa tela.