Madafar da Ladidi Ta Zana a Ƙasa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, sha takwas ga watan Afrilu, kafin la'asar, Allah Ya karɓi ran matata Halimatussa'adiya, wadda Dakoro ta sani da Ladidi. Shekararmu arba'in da ukku tare. Ta rasu kwana ukku bayan an haifa mana jikarmu ta farko, wadda muka yi shekara goma sha ɗaya muna roƙo.

Ladidi, ranar Litinin da Laila, matar ɗanmu Nu'man, ta sauka lafiya, kin ga yadda na yi. Da furfurata na fita ƙofar gida ba hula, ina tare masu wucewa ina gaya musu. Har yau murnar nan ba ta bar ni ba, kuma kunyarta nake ji, don ke ba ki nan.

Gidanmu bai taɓa rabuwa da baƙi ba, kuma ba don ni suke zuwa ba. Makiyayan Azagor in sun sauko kasuwa, a zaurenmu suke aje sanduna, ki aiko musu da fura tun kafin su gama gaisuwa. Danginki na Sabon Maci in sun kawo maras lafiya likita, nan suke sauka har a sallame su. Duk wannan kin yi shi ne a kan duwatsu ukku, a gindin iccen bedi, rana ta dake ki, ruwa ya kashe miki wuta. Abu guda kika taɓa roƙona: madafa.

Da cikin Laila ya tabbata, Nu'man ya ce zai gina miki ita kafin suna. Da hantsi kika tsuguna a tsakar gida, kika share ƙasa da tafin hannu, kika zana da yatsa. Kika ce a ba gabas baya saboda iska da ruwa, a bar sauran ɓangarorin a buɗe. Murhu ukku. Dakali na jera kwanoni. Taga ƙarama ta cikin zaure, don tuwo ya isa ga maza da zafinsa. Sai wurin shimfiɗa tabarmi, don kin ce baƙuwa ba ta zama a ɗaki, wurin tukunya take biyo uwar gida.

Amma Nu'man ya zo daga Maradi da takarda. An zana ɗaki mai ƙofa guda, da karo fari, wato tayil, a bango, da wurin aje butalin gaz, an rubuta tsawo da faɗi. Ni kuwa sai da na haura hamsin na shiga karatun manya na yamma, kuma tun daga nan ba abin da nake ji da shi kamar a miƙo mini takarda a gaban mutane. Na sa tabarau, na karanta da ƙarfi, har da lambobin. Kika saurara har na gama, sannan kika ce:

"Malam, wanda ya zana wannan, ya taɓa tuƙa tuwon mutum hamsin?"

Na ce miki wannan a rubuce yake. Da na tashi zan raka maginin da Nu'man ya kawo, ta kan zanenki na bi da takalmina. Ban yi da gangan ba. Ban ma duba ba, kuma wannan ya fi muni. Ba ki sake tayar da maganar ba.

Aka gina. Maƙwabta suka zo kallo, suna shafa bango suna sa wa Nu'man albarka. Ranar Laraba, kwana biyu da haihuwar, kika sa a ɗauko babbar tukunyar suna, ta ƙi shiga ƙofar. Aka juya ta ta kowane gefe, ta ƙi. Ba ki dube ni ba. Kika ce a mayar da ita gindin bedi. Can kika wuni ranar Alhamis, cikin zafin bazara, kina surfe da tankaɗe, can kuma kika faɗi. A likita suka ce hawan jini ne. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma inuwar da kika roƙa ba ta fi ƙarfina ba, ni na hana ki.

Baƙin da aka gayyata suna, su suka zo gaisuwa. Mata sun fi sittin. Ɗakin mai karo ya ɗauki mutum biyu da buhun shinkafa. Ƙanwarki Aisa ta leƙa, ta fito. Matan suka ja duwatsu zuwa jikin zaure, suka ba gabas baya, suka haɗa murhu ukku, suka shimfiɗa tabarmi. Ba wanda ya nuna musu. A nan aka dafa na sadakar ukku, a nan aka dafa na suna ranar Litinin. An raɗa wa jaririyar sunanki. Na ɗauke ta ina dariya, hawaye na sauka a kan zanenta.

Allah Ya jiƙanki, Ladidi. Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke kamar yadda kika shayar da baƙi. Ina yi wa Nu'man da Laila ta'aziyya, da Aisa da dukan dangi na Sabon Maci, da mutanen Azagor da labari bai kai musu ba tukuna. Allah Ya ba mu haƙuri.

Na kira magini Jimrau, ya ce zai zo bayan Juma'a. Ya tambaye ni awo, na rasa abin ce masa, don kalamanki kawai na riƙe, ban duba inda yatsanki ya bi ba. Shi ya sa na hana a share tokar da mata suka bari a jikin zaure. Tana nan, wuri ukku. A kanta zai aza igiyar awo.

Sa'adu Hama, Dakoro