Robobin da Yayata ke Aikowa

Shekara huɗu ina karanta wa jama'a rahoton muhalli da murya mai nauyi, kamar ni aka damƙa wa amanar teku. A gida kuwa, a unguwar Plumstead, nan ƙasar Turawa, duk mai tahowa daga Kano sai yayata ta haɗo shi da kayan mata: tsimi, gumba, zuma mai haɗi. Kowanne cikin roba, robar cikin leda, ledar cikin wata leda. Kaya su keto hazo a jirgi, a ƙona mai, don kawai aurena ya zauna lafiya. Wannan bai taɓa shiga rahoto ba.

Idan abin ciki ya ƙare, sai in jefa robar a ledar da council, wato ƙaramar hukuma, ke ba mu ta kayan da za a sake sarrafawa, wadda ake ganin cikinta tar. Mai haɗa kayan ba ta san kunya a rubutu ba. Duk aikin da maganin ke yi ta rubuta shi ɓaro-ɓaro ta liƙa a jikin robar. To amma da Hausa ne. Wa zai karanta a layinmu? Bature?

Wata Talata da safe na fito da ledar, motar shara na tsaye. Ma'aikacin, wani dattijo mai farin gemu, ya ɗaga ta ya jujjuya.

"Hajiya, ina kwana," ya ce, da Hausar Kumasi.

Na amsa. Da wace murya, Allah kaɗai ya sani.

"Wannan roba, ka wanke shi kafin ka zuba. Zuma na ciki. In ya ɓata takarda, duka leda ya lalace, ƙonawa ake yi. Kullum ina gani. Na ce yau dai zan faɗa."

Kullum. Ban tambayi tun yaushe ba.

"Alhaji lafiya?" ya tambayi maigidana.

"Lafiya ƙalau, Baba."

"Ai dole," ya ce, ya wurga ledar a mota.

Na koma ciki na zauna. Ashe ba duniya na ceta ba, ba asirina na rufa ba.

Yanzu ina jiƙa kowace roba a ruwan zafi, in kankare takardar da wuƙa, in wanke, in ɗauraye har sau uku. Ruwan da nake zubarwa a kan roba ɗaya ya ishi mutum wanka. Fitar da leda kuma na bar wa Alhaji. Ya ce mai sharar nan mutumin kirki ne, in ya riƙe masa hannu a gaisuwa ba ya saki da wuri.