Sallar da Hure Ta Ajiye Kibiyar Kitso

A wani ƙauye kusa da Zakirai, Hure ce kaɗai mai kitso, kuma hannunta nauyi gare shi. Mata kan ce in ta kama miki kai, sai kin tuna zunubanki na bara. Duk da haka ana zuwa, ana tsaki ana miƙa kai.

A shekarun da taki ya gagari talaka, rumbuna suka yi fayau, Kulu matar Uwaisu ta zo kitson Sallah. Hure na tsaga gashi ta ci karo da ƙulu, ga wani tsohon tabo a gefensa.

"Ƙofa ce, Inna," in ji Kulu.

"Ƙofar gidanku ba ta gajiya? Bara ma ita ce."

Kulu ta fashe da kuka. Ta ce Uwaisu ne, kuma yanzu har goyonta dukan yake samu.

Hure ta sha jin ana muhawarar gyaran doka a rediyonta mai ɗaure da ƙyalle, har wata lauya ta ce duka ba sirrin gida ba ne. Hure ta ja mayafi sai zauren mai unguwa Dabo. Ya ce a yi haƙuri, za a yi sulhu kamar kullum.

"To, ranka ya daɗe, ni ma a yi haƙuri da ni."

Ta koma gida, ta ba Kulu ɗaki, ta soke kibiyar kitso a jikin danga, ta ce ta daina kitso. Ga Sallah ta matso, ga mata duk sun tsefe kai. Uwargidan mai unguwa ma rabin kai aka yi mata, ɗaya rabin yana tsaye kamar sheƙar shamuwa.

Abin da Dabo ya ji a gidansa, Allah kaɗai ya sani. An dai gan shi da hantsi a bayan babur, da kansa ya raka Kulu ta kai ƙara. Alƙali ya tsare Uwaisu, aka miƙa Kulu da ɗanta ga danginta.

Yaron yanzu har ya isa kai taki gona. Duk Sallah Kulu kan zo da ƙwaryar fura, ta zauna tsakanin gwiwoyin Hure.

"Wayyo Inna, a hankali!"

"Yi shiru, 'yar nan. Wannan zafin na ado ne."

Allah ya ƙara wa hannun nan nauyi.