Kwanon Ruwan Yaya Bukar

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Bukar, amma ko yau na ji inji na kuka a cikin Birni sai na ajiye abin da ke hannuna in saurara. Shi ya ɓata mini kunne haka, Allah Ya jiƙansa.

Ana gab da samun 'yancin kai aka kawo wani babban inji mai aiki da lantarki wurin ɓarar gyaɗa da ke bayan katangarmu, aka ce Yaya ya kafa shi. Mai wurin yana ta gaggawa, gyaɗa ta cika rumfa, Yaya ya ce ba mai tada shi sai simintin ƙarƙashinsa ya bushe ƙam. Ranar da ya tada shi, ya ɗora kwanon ruwa a bayan injin ya zuba ido. In ruwan ya kwanta, lafiya. In ya yi rawa, a kashe, a duba ƙafafu. Kullum haka yake yi kafin ya ba shi mai. Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta ma, gari duk ya fita, shi yana can da kwanonsa. Ya ce, "Fanna, shi ba a faɗa masa Nasara ya tafi ba, mai yake so."

Ni ba mai fita ba ce, ta katanga na san injin nan. Da azahar Yaya kan ƙwanƙwasa katangar da gindin turnabis, ƙarfensa na kwance kusa, ya ce, "Uwar 'yan jin ƙwaƙwaf, yaya muryarsa yau?" In ce masa ta yi kaushi ko ta yi daɗi. Yana yi mini dariya, amma yana dubawa.

Da ya rasu aka kawo mini kwanon cikin kayansa. Wurin ya koma hannun Isufu, ɗan mai wurin, mutumin kirki, sai dai bai gaji ɗora ruwa ba.

Wata azahar ina tankaɗe, na ji ƙwanƙwasa a katanga, irin ta Yaya sak, ta farko da ƙarfi, ta bayanta a hankali. Na waiwaya. Kwanon nan na Yaya da na zuba wa kaji ruwa a gindin katanga, ruwan cikinsa yana ta ɓari. Na kasa kunne: ƙarƙashin kukan injin akwai wani ɗan nishi da ban san shi da shi ba. Ɓawon gyaɗa kuwa tsibi guda jingine da ɗakin da 'ya'yana ke barci. In injin ya kama wuta, mun tafi tare.

Na ja mayafi na zagaya.

"Isufu, kashe shi!"

"Haba Gwaggo, ana tsakiyar aiki? Yau kuma ke ce da fitowa? Lalle za a yi ruwa."

"Ɗan nan, kashe shi, ka yi mini tsiyar daga baya."

Ya kashe. Suka tarar kusar ƙafa ɗaya ta tsinke, injin ya karkace, jikinsa ya yi zafin da ba ya taɓuwa, har ɓawon da ke kusa ya fara hayaƙi. Isufu ya share zufa ya ce, "Gara da kika zo. Da kika ƙwanƙwasa mana katanga ɗazu, mun ɗauka kiran abinci ne."

Ni kuwa ban taɓa katangar ba. Hannuwana biyu cikin garin tankaɗe suke lokacin.

Jikana ya ce yanzu akwai ƙananan injuna da ke tsayawa daidai inda aka umarce su, ko tsinin allura ba sa wucewa, amma da sun yi tari sai a jefar a sayo sabo. Na san abin da Yaya zai ce: a miƙo masa kwano, ya ga wanda ya kafa su ko ya yi haƙuri.

An rufe wurin gyaɗar tuntuni. Injin yana garin Tirmini, an ce har yau yana niƙa hatsi. Kwanon yana nan gindin katanga, kowace safiya ina cika shi. Da azahar dai ba na duban wajen.