Tsaka Biyu a Shagon Mijinyawa

Duk wanda ya taɓa sa taga a unguwar Dar es Salam ta birnin Yamai ya san Mijinyawa mai yankan gilashi. Mutumin Tahoua ne, dogo, yatsunsa duk tabon yanka, in yana magana a shago ana jin sa har bakin kwalta. Tun yana saurayi ya sauka Yamai, kuma tun lokacin yake riƙe da ƙanensa Abdou, don mahaifinsu kafin ya cika ya damƙa masa hannun yaron ya ce, "Ka riƙe shi."

To, riƙo kam Mijinyawa ya riƙe. Ya sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya yi masa aure, ya ba shi ɗaki biyu a bayan gida. Yau Abdou malamin makaranta ne da furfura a gemu da ƴaƴa huɗu, amma har yanzu tire ɗaya suke cin tuwo, kuma yayan ne ke raba nama. Abdou yana koyarwa a Lamordé, can ƙetaren kogi. Ya samu fili kusa da makarantar, ya yi gini a hankali har rufi, taga kawai ta rage. Abin da ya hana shi tashi bai wuce bakin mutum ɗaya ba.

"Yaya, maganar gidan nan na Lamordé..."

"Ci tuwonka, Abdou. Ina numfashi ba za a raba gidan nan ba."

Sai Abdou ya ɗan taɓa loma biyu, ya wanke hannu.

Ana nan, wata baƙuwa likitar dabbobi da aikinta ya ƙare a ƙasar ta zo shago da akwatunan gilashi biyu waɗanda shi Mijinyawa ya taɓa haɗa mata. A cikin kowanne akwai tsaka. Amma ba irin ta bangonmu ba ce. Wannan rawaya ce mai ɗige-ɗige baƙi irin na damisa, wutsiyarta kauri guda, tana ƙifta ido, kuma ba ta iya hawa bango. Matar ta ce ba ta samu mai karɓa ba. Ta nuna masa yadda ake ciyar da su, ta kuma ja kunnensa: kowace da akwatinta, kada ya haɗa su.

Da ya kai su gida, matarsa Zeinabu ta yi tsalle ta koma bakin madafa.

"Innalillahi! Malam, tsaka? Wadda muke bi da takalmi ita za ka kawo mini kusa da tukunya? Wallahi ko ni ko su!"

Haka suka koma shago. Maƙwabta suka yi ta tsiya, suna tambayarsa yaushe za a fara tatsar nono. Shi ko a jikinsa. Babbar ya sa mata suna Gwaggo, ƙaramar Auta. Da farko har kasuwar Petit Marché ya je ya sayo musu soyayyar fara mai yaji, suka ƙi ko kallonta, sai da ya tuna an ce masa mai rai suke ci. Ga dattijo da gwangwani yana bin lambunan bakin kogi yana kamun gyare!

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Kullum ya dubi akwatunan nan, kowace ita kaɗai a kusurwa, sai tausayi ya kama shi. "Wannan ai kurkuku ne," in ji shi. "Baƙuwar nan ba ta san zumunci ba." Ya zauna ya haɗa babban akwati mai kyan gaske, ya sa dutse mai faɗi a gefen da rana ke ɗumamawa, ya sa kwanon abinci ɗaya a tsakiya, ya zuba su ciki tare.

Washegari ya tarar da Gwaggo kwance a kan Auta bisa dutsen. Daɗi ya kashe shi. Duk wanda ya shigo sai ya jawo shi: "Zo ka ga ƙauna! Dabba ma ta san ɗan'uwa."

Ƴarsa Aïchatou, wadda ke karatun halittu a jami'a, ta leƙo wata rana ta daɗe tana kallo.

"Baba, ba ƙauna ba ce. Ɗumin dutsen take ƙwacewa. Dubi wutsiyar ƙaramar, a nan suke ajiye kitse, ka ga yadda ta tsotse."

"Ke tafi can! Gyare nawa nake zuba musu? Wa ya hana ta ci?"

Mijinyawa mutum ne mai kafiya. Ya ƙara gyare, ya ƙara ruwa, ya faɗaɗa dutsen. Gwaggo ta yi ɓulɓul. Auta kuwa in an zuba abinci sai ta matso, ta dubi babbar, ta ja da baya. Ba cizo a gabansa, ba kokawa, shi ya sa ya ƙi yarda akwai matsala. Har wata safiya ya buɗe shago ya ga wutsiyar Auta yashe a kan yashi, ita kuma ta lafe bayan kwano, haƙarƙarinta a waje.

Ya ɗauko ma'auni, ya yanka gilashi ya raba akwatin gida biyu, ya sa wa Auta nata dutsen da nata kwanon. Ya yi rantsuwa ba za ta mutu a hannunsa ba. Kwana da kwanaki yana tsugune yana miƙa mata gyare da ɗan tsinke, tana kawar da kai, yana lallashi kamar mai jinyar jariri. Ranar da ta cafke na farko, sai da mai shayin ƙofar shago ya ji kabbararsa.

Da yammar nan aka ajiye tire a tsakar gida. Mijinyawa ya miƙa hannu zai raba nama kamar kullum, sai idonsa ya faɗa kan ƙanensa. Abdou ya kai hannu wajen miya, ya ɗago ya dubi yayansa, ya janye. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shekara nawa yana haka, a gabansa, bai gani ba? Mijinyawa ya ji kunya da baƙin ciki sun rufe shi lokaci guda.

"Abdou."

"Na'am, Yaya."

"Tagogin gidan nan naka, ka auna su?"

Abdou ya kasa gane inda maganar ta dosa. "Ban auna ba, Yaya."

"To kada ka sa wani ya taɓa. Gobe in Allah ya kai mu ka ɗauke ni a babur."

Mijinyawa da kansa ya yanka gilasan tagogin, ya ƙetare gada da su, ya sa kowace a mazauninta, yana faɗa da magina kan sun karkace bango. Ranar tashi Zeinabu da matar Abdou suka rungume juna suna kuka. Mijinyawa ya ce yana da aiki a shago, ya shige ya turo ƙofa, alhali duk unguwa ta san ba aikin da yake yi.

Wutsiyar Auta ta sake fitowa, guntuwa, ba ta kai ta da kyau ba, amma ta yi kauri. Abdou yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci, ya fara yin kumatu. In an ajiye tire, Mijinyawa yakan tura masa kwanon naman ya ce, "Raba mana." Sauran ranakun kuwa shi kaɗai yake ci, kuma har yau bai saba ba.